Ranar Sakin Gona a Karaye

Jibrilla shi ne Sarkin Noman Karaye tun kafin Turawa su ci Sakkwato. Mutum ne mai sanyin magana, kuma daga bakinsa ake jin ranar da za a saki gonaki bayan girbi. Ranar ba ta da tsayayyen lokaci. Sai ya zaga ya ga kowa ya kwashe dawarsa, har masu gonakin bakin fadama da tasu ke jinkirin nuna. Sannan Ardo Usmanu, shugaban Fulanin da ke sauka bayan gari kowace kaka, ya zo ƙofar gidansa ya yi sallama ya nemi izini. Shanu su ci kara, su bar taki. Fulani na da ubangidan da suke kai wa gaisuwa, mutanen Karaye na da nasu daban. Ba wanda ke ƙarƙashin wani, don haka komai sai da roƙo.

'Yan shekaru bayan zuwan Turawa aka tara dattawan ƙauyuka a Jega. Bature ya zauna cikin rumfa, tafinta na tsaye gefensa. Ya ce ba zai iya da ƙasar da wannan ƙauye ke bin wannan ubangida, na kusa da shi ke bin wancan, ruga kuma ke bin na uku ba. Daga ranar, duk wanda ke cikin iyakar da ya shata, makiyayi ne ko manomi ko maƙeri, gundumarsu ɗaya, hakiminsu ɗaya.

Jibrilla da Ardo suka kamo hanyar gida tare.

"To, Sarkin Noma, mun zama 'yan gida guda," in ji Ardo.

"Da can mi muke?"

"Maƙwabta."

Suka yi dariya, suka ci gaba da hirar ruwan bana.

Hakimin da aka naɗa ba mugu ba ne. Sai dai ƙorafi ya yi masa yawa: wannan gari ya saki gona da wuri, wancan ya tsare shanu har sun rame. Bature kuma ba ya son magana biyu a kan abu ɗaya. Sai hakimi ya sa rana guda ga gunduma baki ɗaya, aka yi shela a kasuwanni. Ranar ta yi wa ƙauyukan tudu na wajen Maiyama daidai, domin hatsinsu ya riga ya shiga rumbu. Dawar fadamar Karaye kuwa tana tsaye.

Jibrilla ya tafi don ya yi bayani, ya tarar hakimi ya fita rangadi. Ardo Usmanu ya riƙe shanunsa, don ya san fadamar. Amma shelar ta kai wasu rugage na nesa da ba su taɓa sauka Karaye ba. Da ranar ta zo suka kora garke, shanu suka faɗa dawar wani manomi mai suna Yusufu, suka tattake masa irin albasa.

Da hakimi ya dawo aka je gabansa. Yusufu ya ce shi dai ba wanda ya tambaye shi. Muntari, mai garken da ya yi ɓarnar, ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, shela anka yi, mu kuma munka bi. An ce mu duka gida guda ne. Mutum na roƙon izini cikin gidansu?"

Hakimi ya auna maganar. Ba zai hukunta wanda ya bi umarninsa ba, ba kuma zai ce Yusufu bai yi asara ba. Ya ba kowa haƙuri, ya ce baɗi zai ja ranar baya.

Mutanen Karaye suka koma suna cewa ai dole, uwar hakimi Bafulatana ce. Da shekara ta zagayo hakimi ya ja ranar baya, shanun tudu suka yi ta jira har ciyawa ta ƙare, Fulani suka ce hakimi hatsin manoma yake ci, dole ya bi bakinsu. Daga nan tsofaffin maganganu suka taso: kakan wa aka ci da yaƙi zamanin rikicin Kabi, wa ya riga wa zama a ƙasar, wa ya fi wa addini. Jibrilla rabonsa da jin irinsu tun yana yaro. Matan gari suka daina kiran masu tallan nono. Dije, matar Jibrilla, ta ci gaba da saye, amma ta ƙofar baya.

A kaka ta gaba Ardo bai sauka Karaye ba, ya kai shanunsa wajen Aliero. Jibrilla ya jira har aka gama sussuka, sannan ya hau jakinsa ranar kasuwar Aliero, ya same shi a kara, inda ake cinikin shanu.

Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Ardo, mi munka yi maka?"

"Kai ba ka yi mani komi ba. Amma da, in an ɓata mani, ƙofarka nika zuwa, mu gama. Yanzu ni in tafi ga hakimi, kai ka tafi, kowa na so shi jawo shi gefensa. Wanda ya rasa sai shi ce an zalunce shi. Na tsufa da wanga ja-in-ja."

"Gonata na bukatar taki."

Ardo ya dube shi. "Taka kaɗai?"

"Tawa, da ta duk wanda ya yarda. Sauran ba ni da iko da bakinsu yanzu."

Bayan 'yan kwanaki wani yanki na garken Ardo ya iso Karaye, ya kwana a gonar Jibrilla da ta maƙwabtansa kaɗan. Wasu suka yi gunaguni. Yusufu ya saro ƙaya ya shinge gonarsa, shingen ya ci rabin burtalin da ke zuwa mashaya. Shanun suka riƙa zagayawa ta bayan tudu kafin su sha ruwa, haka har suka tashi da faɗuwar ruwan farko.