Gahawar da Mu'ayyad Ya Ajiye

Shekara biyu ke nan, duk ranar Talata Mu'ayyad yake tsallako kwari daga ƙaramar hukumarsu zuwa tamu, da jakar takardu a hammata. Gonakin zaitun ɗinmu sun cuɗe da nasu, don haka duk izinin gini ko na haƙa rijiya sai ya sami hatimi biyu. Na biyun a hannuna yake. Nakan buga shi a hankali, kamar mai tsoron kada takarda ta ji zafi, shi kuma yana tsaye yana ba ni labarin motar hayar da ta mace musu a kan tudu.

Sai ƙananan hukumomi biyar na yankinmu suka haɗe ayyukansu a manhaja ɗaya. Alheri ne, na sani. Tsohuwar da a da take kwana uku tana yawo da takarda, yanzu daga tsakar gidanta ake gama mata. Ni ce ma na koya wa 'yan ofishinmu. Amma ranar da aka ce daga wata mai kamawa babu sauran kawo takarda da hannu, ɗakin ajiya na shige na yi kukana tsakanin fayiloli. Mu'ayyad bai taɓa ce mini komai kan soyayya ba. Da wane dalili zai sake zuwa?

Talatar ƙarshe, Ummu Lais, shugabar sashenmu, ta zuba masa gahawa. Ya karɓa, ya ajiye kofin a kan teburina, bai kai baki ba. A wajenmu kuwa baƙo ba ya yin haka sai in da roƙo a bakinsa.

Ummu Lais ta sauke tabarau. "Ɗana, gahawar tawa ce ba ta yi maka ba?"

"Ta yi, Inna."

"To ka yi ɓatan kai. Wannan kofin a gaban uban yarinya ake ajiye shi, da dattawa a bayanka. Mu nan lasisi muke bayarwa."

"Na sani," in ji shi, kunnuwansa sun yi ja. "So nake in ji ko in na kwaso dattawan, ba kunya zan ja musu ba."

Ta juyo gare ni. "Gadir, ke fa ake tambaya. Bar shafa wannan kwamfutar, ba ita za ta amsa miki ba."

Na janye hannuna daga kan kwamfutar.

"Baba yana gida ranar Juma'a, bayan la'asar," na ce.

Ummu Lais ta tura masa kofin. "Shanye, malam. Kuma ka samo motar kirki, uban nan nata ba ya jiran kowa."