Matar da Ta Fito a Falon Dakta

"Ga ta can," in ji Dakta Abdulrauf, yana nuni da rimot ɗin esi. "Lokacin da na saya babu ita. Wallahi babu ita."

Shaima ta ajiye jakar fenti a kan kafet, ta ɗaga kai. Zanen ya kai tsayin ƙofa. Cikin wani gida ne na mutanen Holan, ƙasa tayil baƙi da fari, ƙofa a bayan ƙofa, kana kallo sai ka ji kamar ka sa ƙafa ka shiga. Can ƙarshe, kusa da taga, inda ya kamata a ga farin bango, wata mace ta fara bayyana dishi-dishi. A zaune take, ta ba da baya, kanta ya ɗan karkata hagu.

"Aikin nan ya haura shekara ɗari uku," Dakta ya ce wa Hatim, yayan Shaima, mai shagon firam ɗin hotuna a unguwar Mansur. "Mutanen Holan sun san nisa. Mu nan ba mu san nisa ba. Ita ƙanwar taka ta iya taɓa irin wannan kuwa?"

"Tana ɗan taɓawa, ya Dakta."

Shaima ce ta zana shi bara, a kicin, cikin kwana goma sha tara. A waya ta koya. Iyakar nisan da ta sani Jidda ne.

Sana'ar ba wuya. Masu kuɗin unguwa suna son Turai a bango, amma ba sa son mai rai a ciki. Zanen asali kuwa cike yake da su: kare a bakin ƙofa, mage, mace tana karanta wasiƙa. Sai Shaima ta kwafi gidan ta kori mutanen gidan. Hatim ya shafa wa firam ruwan shayi, ya ce daga Holan.

Matsalar ɗaya ce. Ba ta iya auna tsayin ƙofar ƙarshe sai ta fara sa mutum a gefenta, in ta gama ta rufe shi da fenti. Ranar da take wannan, Umma, mahaifiyarsu, ce zaune a ƙarshen barandarsu tana tsintar shinkafa. Ita ta gani, ita ta sa. Farin da ta rufe ta da shi kuma na arha ne.

Umma ba ta yarda da hoto ba. Na iƙama, katin izinin zama, kaɗai gare ta, shi ma ta fito kamar wadda aka kama da laifi. Wata biyu ke nan da rasuwarta. Shaima ba ta yi kuka ba, maƙwabta ma sun lura, sun tattauna.

"Ranar Alhamis malamaina za su zo cin abinci," in ji Dakta. "A falon nan nake ba da darasi. A ce akwai mace a bangona? Ko a cire ta yau, ko ku ɗauke kayanku, in kuma kira duk wanda na tura shagonku. Halas, magana ta ƙare."

Wayarsa ta yi ƙara, ya fita yana Larabci da ƙarfi.

Hatim ya matso. Ya daɗe yana kallon wurin.

"Umma ce, ko?"

"Bayanta ne."

"Har yadda take karkata kai."

"Kunnen dama ne ba ya ji."

Ya zaro waya ya ɗauka, ya duba. A hoton babu komai sai farin bango da hasken fitila. Ya sake, haka.

"Mu ce masa ba ya gyaruwa," ta ce, "mu tafi da shi."

"Mutum tara ya turo mana, Shaima. Tara. Duk Holan na ce musu."

"To."

"Ki rufe, ya ukti, ƙanwata. Don Allah. Ni ina mota."

Ta shimfiɗa jarida a ƙasa, ta zauna. A jakar akwai fari iri biyu. Mai kyau, wanda in ya hau ya hau ke nan har abada. Da ragowar na bara. Ta riƙe su, ɗaya a kowane hannu. Ta jira ta ji wani abu a ƙirjinta. Babu abin da ta ji sai sanyin esi a wuyanta.

Ta mayar da mai kyan jaka. Ta matse na bara, ta ƙara masa mai har ya yi ruwa-ruwa. Ta fara daga gefen zani, ta haura baya, ta zo kafaɗa. Kan ne ta bari ƙarshe. Shafa uku ya ɓace.

Dakta ya dawo, ya ja baya, ya kanne ido ɗaya kamar yadda ya ga ana yi.

"Masha Allah. Yanzu ya koma yadda Baturen ya nufa. Kin ga natsuwar wurin nan? Ku ba za ku gane ba." Ya juyo. "Ba za ta dawo ba dai?"

"Za ta dawo, Dakta."

"Na'am?"

"Tsohon zane haka yake. Sabo ne ba ya yi. Na gaske duk shekara sai an duba shi."

Fuskarsa ta saki. Ya sake kallon bangon, wannan karon da girmamawa.

"Ai na faɗa wa abokina Uzair na gaske ne, yana min gardama. To wa zai riƙa dubawa?"

"Ni. Amma kar a kira ni da wuri. A bari sai ta fito sosai."

"Tayyib," in ji Dakta. Ya buɗe wayarsa ya ce ta faɗi lambarta.