Wa Ya Ga Ɗan Yawo?

Idan akwai kalmar da Tambara ta tsana a duniyar nan, to "an ce" ce, kuma ba laifinta ba ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ɗanta na fari, Baushe, ya kira ta a salula, murya garau, ya ce yana Agadas yana aikin gini, alhali a ranar ya hau motar da za ta tsallaka sahara zuwa Libiya. Daga nan sai an ce an gan shi a wata rijiya, an ce yana kurkuku, an ce ya yi aure. Ba wanda ya taɓa tsayawa gabanta ya ce ni na gan shi da idona. Har yau ba ta yi masa zaman makoki ba, ba ta kuma daina kukansa ba.

Saboda haka da ƙanensa Maidawa ya zama direban babbar mota, sai da ta sa ya rantse da nonon da ya sha cewa ko Agadas ba zai leƙa ba. Ya rantse. Amma Tambara ta riga ta sha wuyar darasi ɗaya: muryar salula ba ta faɗin garin da ta fito.

Maganin wannan damuwa ya zo mata ta inda ba ta zata ba. A da Maidawa ya yi shekara biyu yana tuƙa wani bature mai haƙa rijiyoyi a ƙasar Kurfai. Baturen yana da wani wasa, shi da ire-irensa da Allah ya hutar a faɗin duniya: su ɓoye ƴan akwatuna a kogon itace ko ƙarƙashin dutse, wasu su bi salula su nemo. A cikin kayan wasan akwai wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannun jariri ba, an zana lamba a jikinsa. Duk wanda ya gan shi sai ya shiga shafinsa a intanet, ya buga lambar, ya rubuta ya gani. Lambar ba ta ko'ina sai jikin ƙarfen, don haka buga ta ita ce shaida. Da soja suka karɓi mulki, bature ya tattara komatsansa ya tafi, ya bar wa Maidawa ƙarfen maƙale da makullan mota.

Mushe Yahaya ne ya hango amfanin abin. Tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, inda ake kiran malami Mushe, shi ya koya wa Maidawa karatu, yanzu kuma yana da rumfar cajin salula a kasuwar Filinge. Shi ya raɗa wa ƙarfen suna ɗan yawo, shi ya tsara yadda za a yi: duk garin da Maidawa ya sauka, ya nemi Bakurfen da ke can, ya miƙa masa ɗan yawo, mutumin ya buga lamba, ya sa sunansa da sunan gari. Kurfayawa kuwa ina ne ba su? Tambara ta yarda, amma sai da ta karɓi ƙarfen ta kai shi gida. Ita ƴar bori ce gaba da baya, ta kuwa ɗaura masa farin wuri ɗaya, irin kuɗin da, da baƙin zare ta bayansa, bayan ta yanka wa Doguwa kaza. Mushe ya taɓe baki ya ce a'uzubillahi, ta ce ya ji da lambarsa, ita ta ji da wurinta.

Tun daga nan, duk ran kasuwa, kafin ta kwance kwandon daddawarta, sai ta tsaya a rumfar Mushe ya karanta mata. Wane ya gani a Lome. Wane ya gani a Wagadugu. Ta yi dariya, ta ba shi goro, ta wuce. Tun da aka rufe hanyar Gaya, manyan motoci suka koma bin Burkina a jere da rakiyar soja, tafiyar kwana huɗu ta zama ta wata guda, sai ɗan yawo ya zama shi ne kwanciyar hankalinta.

To, a wata ranar kasuwa, kwana goma sha biyu ke nan salular Maidawa ba ta shiga, Tambara ta iso rumfa ta tarar Mushe ya cire tabarau yana ta goge shi da bakin riga. Ta san shi, ba ya goge tabarau sai magana ta yi masa nauyi.

Ya ce, "Inna Tambara, zamna tukuna."

"Ba ni zamnawa. Mi anka rubuta?"

"Hamani ɗan yayanki ya rubuta. Ya ce ya gani."

"Wane Hamani? Na Libiya?"

"Shi na. Ya sa Sabha."

Sai ga ta zaune a benci ba ta san lokacin da ta zauna ba. Kwando ya sulale daga kanta, daddawa ta watse a ƙasa, ko kallonta ba ta yi ba. Tsoro ya kama ta, irin wanda ta sani tun shekara goma sha ɗaya, ga kuma baƙin cikin rantsuwar da aka ci. Ta ce, "Ya rantse min, Mushe. Da nonona ya rantse."

Mushe ya koma kan salula yana ta jan shafin ƙasa, don ranar rezo, wato sabis ɗin intanet, yana tafiyar hawainiya, rubutun yana fitowa ɗaya bayan ɗaya. Can sai ya mayar da tabarau a fuska, ya matso da salular har tana taɓa hancinsa.

Ya ce, "Tsaya. Ga Ibrah ya rubuta ya gani, Abijan. Ga Idi ya gani, Kumasi. Dud ran Talata guda, da su da Hamani."

Tambara ta ɗago kai.

"Inna, shekara talatin ina koya ma yara taswira. Daga Sabha zuwa Abijan yini guda, sai in Maidawa ya koma shamuwa."

Ta ce, "Ko Doguwa ba ta wanga gudu. Kira min Hamani."

Hamani ya ɗauka da fara'arsa, kamar wanda ke jiran tukuici. "Gwaggo! Kin ga gaisuwata?"

"Ka gan shi?"

"Na gani mana, Gwaggo."

"To ba shi salula in ji shi."

"Wa? Maidawa? A'a, ai ba shi nan. Mi zai kawo shi nan? Ga hoto ni gani."

Sannu a hankali zance ya fito. Ashe wata uku da suka wuce an yi suna a gidan Haske, wani Bakurfe mai sayar da taya a Lome. Maidawa ya je, makullansa rataye a wuya, aka ɗau hoto. Sai cikin makon nan wani ya tuna ya jefa hoton a dandalin zumuntar Kurfayawa na watsap, ga ɗan yawo a ƙirji, lamba ta fito tar. Wani kuma ya ƙara da cewa ai duk sanda aka rubuta, tsohuwa dariya take yi har ta raba goro.

Hamani ya ce, "To ni ɗan wanki, in zamna bare na gaishe ki, ni in yi shiru? Ai abin kunya na, Gwaggo."

A gaskiya ba ƙarya ya yi niyya ba, shi da sauran. Bakurfe ya fi yarda ya kwana da yunwa da a ce ya wuce babba bai gaishe shi ba. Su a ganinsu shafin nan ƙofar gidan Tambara ce, kowa ya zo wucewa ya yi sallama. Da zumunci suka kusa kashe ta.

Sanyi ya sauko mata tun daga ka har tafin ƙafa. Ɗanta bai ci rantsuwa ba, bai bi sawun yayansa ba. Ta ji daɗi ƙwarai, har hawaye suka zubo. Amma Tambara ba ta iya jin daɗi kawai ta yi shiru ba, sai ta haɗa da faɗa.

"Hamani, in an kawo maka hoton tuwo, ka ƙoshi?"

"A'a, Gwaggo."

"Shekara sha ɗaya ina cin an ce, an ce. Wuri guda ni samu inda ba a yi min an ce, kai kuma kaz zo kaz zuba min ita ciki. Ka san abin da sunan garin ga naka ka yi ma cikina?"

Hamani ya san Baushe, tare suka yi kiwo. Da ya yi magana muryarsa ta canza. Ya ce wallahi bai yi tunani ba, ta yafe masa. Ta ce ta yafe, amma ya goge abin da ya rubuta kafin ya sha ruwa.

Sannan ta sa Mushe ya danna mata wurin ɗaukar murya, ta yi wa dandalin gaba ɗaya jawabi, tana tsaye, hannu a ƙugu, masu sayen caji sun yi cirko-cirko suna saurare. Ta ce wanda bai riƙe ɗan yawo a hannunsa ba, kada ya ce ya gani. Mai son gaishe ta ga salular Mushe nan, ya kira, tana amsa gaisuwa har ta maƙiyi. Mai ɗaukar hoto kuma ya rufe lamba da yatsa, tunda Allah ya ba shi goma.

Bayan ta gama, Mushe ya ce akwai sauran magana. Lamba ta riga ta fita, kowa yana da ita, yanzu ko an rubuta ba shaida ba ce. Tambara ta ce ya buɗo hoton ya ƙara masa girma. Ya buɗo. Ta duba da kyau, ta ga ƙarfe, ta ga lamba, bayansa kuwa yana manne da rigar Maidawa. Ta ce, "Wurina bai hito ba." Mushe ya gane nufinta, ya kuma ji kunyar a'uzubillahin da ya yi, sai ya sunkuya ya taya ta tsince daddawa.

Makon nan ta yi shi da sauƙi, ba kamar yadda ta zata ba. Ba ta san inda Maidawa yake ba, amma ta san inda ba ya, wannan kuwa ya ishe ta cin tuwo.

Da kasuwa ta zagayo, ta tarar Mushe da tabaransa a fuska. Ya ce mutum tara sun goge nasu, har da waɗanda suka haɗo da ban haƙuri. Sabo ɗaya ya shigo da safen nan, daga wani Tahiru mai gyaran taya a Baleyara, a kan hanyar Yamai. Ya ce shi dai bai yarda ya yi murna ba tukuna. Ta ce ya kira shi.

Bayan gaisuwa ta ce, "Tahiru, kai kac ce ka gani?"

"Ni na, Inna."

"Mi ad ɗaure bayan ƙarhen?"

Aka ji ƙarar makullai. Tahiru ya ce, "Wuri na guda, da baƙin zare. Gehe guda ya ɓalle. Yana warin man gazuwal." Ya yi dariya ya ƙara da cewa, "Ga mai shi nan ƙarƙashin mota yana zagin taya. Salula tai anka sace ga hanya. Shinkahwa ya ɗauko ta wani ɗan kasuwa nan Hilinge. In ba shi ku gaisa?"

Ta ce, "Bar shi ya yi aiki nai. Murya ina da ita tun tuni. Kai ka gan shi, ya isa."

Ta ajiye salular a hankali, ta kwance bakin zane, ta ba Mushe goro biyu maimakon ɗaya. Ranar duk wanda ya sayi daddawarta ya sami gyara har ya yi mamaki.

La'asar sakaliya motar ta shigo tasha, tana nishi da kayan shinkafa. Mushe ya rufe rumfa ya raka Tambara. Tun farkon wannan sha'ani ya buɗe mata suna a shafin, amma ba a taɓa rubuta komai da shi ba, don kullum ita ce mai jiran a gaya mata. Yana hango motar ya fara danne-danne.

Ta ce, "Mi kaka rubutawa?"

"Cewa kin gani. Ga mota nan ai."

"Mota ni aihwa? Dakata."

Maidawa ya sauko. Ya rame, gemu ya cika masa fuska, rigarsa ta yi baƙi da mai. Tahiru ya riga ya ba shi labarin duk abin da ya faru, don haka yana durƙusawa ya ciro makullan daga wuya ya miƙa mata da hannu biyu, ɗan yawo yana lilo. Ko kallon ƙarfen ba ta yi ba. Ta wuce hannun nasa ta kama kunnensa, namiji mai shekara talatin da biyar a tsakiyar tasha, ta murɗa har sai da ya ce wayyo Inna. Sannan ta saki, ta shafa goshinsa, ta shafa gemun, ta riƙe fuskar da hannu biyu ta daɗe tana kallo.

Shekara goma sha ɗaya tana jiran wani ya zo ya faɗa mata kalmar nan a kan Baushe. Ba ta juya ba ta ce, "Yanzu rubuta, Mushe. Tambara, Hilinge. Na gani."