Tsawar da Ta Ciyar da Sista Pilar

Duk Unguwar Boro an san Sista Pilar ta fi wasu 'yan gari iya Hausa. Tun kafin yaƙin basasa wannan Baturiya take karɓar haihuwa a ɗakin maganin mishan, tana yi wa mazan da suka ƙi kawo matansu awo habaici da karin magana. To, a shekarar da soja suka canza kuɗi, ɓarin jikinta ya shanye. Da ta farfaɗo, ikon Allah, Hausa ta tafi, Turanci ya bi ta. Babu abin da ya rage a bakinta sai yaren Sifen na ƙuruciyarta, wanda ko Fada, limamin cocinsu, ba ya ji.

Edith ce mai jinyarta, kuma hankalin Edith ya tashi ƙwarai. Tsohuwa ta juya wa bango fuska, ba ci ba sha, sai hawaye. A kawo kunun gyaɗa, ta datse haƙora. Likita ya ce idan aka ci gaba a haka, ba za ta ga bikin Ista ba.

Wata 'yar zumuntar matan coci ce ta tsegunta wa Edith labarin Baba Nicholas, mutumin Binuwai, tela a Makera, wanda ya yi leburanci a gonakin koko na tsibirin Panya, inda ake wannan yare. Edith ta shiga bas ta same shi a bakin keken ɗinkinsa, ta durƙusa ta roƙe shi ya koya mata ko da kalmar lallashi ɗaya.

Baba ya yi dariyar da ta fi kuka ciwo. Ya ce shi fa ba a taɓa lallashinsa da wannan yare ba, hani kawai hediman, shugaban leburori, ya koya masa, bulala a hannu. Ya ce abin ba wuya: magana hablar ce, sai a sa no a gaba, a sare wutsiyar ar, a liƙa es, ya zama no hables, kada ka yi magana. Mirar, kallo, no mires. Kuka kuwa llorar ne, su leburori suna cewa yorar.

"Haɗa da kanki, 'yata," in ji shi.

Ta haɗa, ya girgiza kai, ya ce ba haka ake faɗa ba. Ya miƙe, ya zare ido, ya faɗi kalmar da tsawa har mai shagon kusa ya leƙo. Bawan Allah, haka kaɗai ya taɓa jin ta, ya ɗauka tsawar ma cikin yaren take. Edith kuwa me ta sani? Ta haddace har da zare idon.

Da rana tsaka ta dawo, ta tarar da Fada da matan zumunta sun kewaye gado suna addu'a. Ta ɗauki kofin kunu, ta tsaya a kan Sista, ta cika ƙirji.

"No llores!"

Addu'a ta tsinke. Wata mata ta dafe ƙirji, don ko bishop bai taɓa ɗaga wa Sista murya ba. Edith kanta jikinta ya yi sanyi, ta ji kamar ta mari uwarta a kasuwa.

Sai tsohuwa ta juyo a hankali. Hawayen ya tsaya. Ta ƙura wa Edith ido, fuskarta ta koma ta ƙaramar yarinyar da aka kama tana shagwaɓa, har ɓarin bakin da ya mutu ya ɗan motsa. Tsigar jikin kowa ta tashi, Fada ya yi alamar gicciye.

"Sí, mamá," in ji Sista da 'yar siririyar murya, wato "To, mama."

Ta buɗe baki. Edith ta kai cokali, tsohuwa ta haɗiye ta sake buɗewa. Kafin kofin ya kai rabi, Edith ce ta koma kuka, babu kuwa wanda ya hana ta.