Nankarwa a Jikin Jaruma

Kadidiya marubuciyar labaran soyayya ce a waya, matan Tawa da ƙauyukan kewaye suna karantawa a zaurenta na WhatsApp. Duk jaruman da take ƙirƙira fatarsu sumul take. Ita kuwa tun da ta haifi tagwaye nankarwa ta zane mata ciki da cinyoyi.

Wata Laraba ta yi ƙarfin hali, ta ba sabuwar jarumarta irin jikinta. Ta rubuta yadda angon jarumar ya bi layukan da yatsa a hankali, yana cewa sun yi masa kyau.

Kafin la'asar saƙonni sun cika wayar.

"Haba anti, kin ɓata muna labari," in ji wata mai karatu daga Kalfu. "Wannan kullum muna ganinta a jikinmu. Ki ba mu kyakkyawa."

Kadidiya ta goge wurin daga labarin, ta mayar wa jarumar da fatarta sumul. Da mijinta Habibu ya dawo daga kasuwa, ya tarar tana canza riga. Ta yi wuf ta jawo zane ta rufe cikinta, ta roƙe shi ya ɗan jira a waje.