Allon Hagu da Na Dama

Dattijo Rufus ya ɗaga kwamfutar da hannu ɗaya, ya jijjiga ta kusa da kunnensa kamar mai gwada ƙwai, sannan ya dire ta a kan teburin ofishin coci. Duk girmanta bai wuce littafin waƙoƙi ba.

"Wannan ce za ta ɗauki talabijin biyu?" ya ce. "'Yata, ko ɗaya ma ina tausayinta."

Edna, sakatariyar cocin, ta danne dariya. "Baba, ai ba a ka za ta ɗauka ba."

Abin da ya kawo maganar kuwa ba na dariya ba ne. A zamansu na watan jiya, dattawan ikilisiya, da Rufus ɗin nan a gaba, sun yanke cewa za a cire waƙar yare daga sujadar Lahadi. Waƙar yaren Jju ce da ake rerawa kafin wa'azi tun cocin yana da rufin ciyawa, kuma kakar Edna, Mama Afiniki, ita ke ba da ita. Dattawan ba ƙarya suka yi ba: tsofaffin mata ne kaɗai ke amsawa, matasa kuwa da an ɗauko ta sai kawuna su sunkuya kan waya. Yaran Kafanchan na yanzu suna jin yaren a gida, amma yi musu magana da shi ka gani, da Hausa ko Turanci za su mayar maka.

Edna ta roƙi Lahadi ɗaya tak. A cocin nasu matan zumunta a hagu suke zama, matasa a dama, tsari ne da ba wanda ya rubuta kuma ba wanda ke karyawa. Akwai manyan alluna biyu iri ɗaya da wani ɗan ikilisiya ya aiko daga Kaduna. Shawararta ita ce a rataye ɗaya a hagu da baitocin Jju don tsofaffi, ɗaya a dama da ma'anar cikin Hausa, ko matasa sa fahimci abin da ake faɗa su ɗaga kai.

"Lahadi ɗaya," Rufus ya ce. "In kawunan ba su tashi ba, magana ta ƙare."

Da ta gaya wa kakarta, tsohuwar ta taɓe baki. "In sun cire sun cire. Ni da tukunyata ma rera a kicin." Amma ranar sau biyu ta wanke tukunyar, Edna tana kallo, zuciyarta na ƙuna.

Aikin ya so ya ba ta kunya. A bayan kwamfutar akwai kafofi biyu, sai dai bakinsu ba ɗaya ba ne: wayar allo ɗaya ta shige lafiya lau, ta ɗayan ta ƙi ko da lallashi. Ta kira wata ƙawarta a Sabon Tasha, ran Alhamis direban bas ya miƙo mata adafta a ƙulle cikin leda. Ta jona, allunan suka kawo haske, ta yi tsalle. Murna ta koma ciki nan take, don abu ɗaya suke nunawa, in ta saka Jju a hagu, Jju ne a dama. To, ina amfanin baɗi ba rai? Ta zauna tana tonon saitin har yunwa ta fara cin ta, kafin ta gano inda ake gaya wa na'urar cewa kada allo na biyu ya kwaikwayi na farko, ya zama ci-gabansa. Ta danna. Ta ja 'yar kibiyar nan zuwa gefe, ta ɓace daga allon hagu, sai ga ta ta ɓullo a na dama. Ihun da ta yi sai da Fasto ya leƙo daga gidansa. Ta ajiye Jju a hagu, Hausa a dama, ta gwada sau bakwai, ta kulle ƙofa ta tafi gida da tafiyar ƙasaita.

Ran Lahadi coci ya cika. Edna ta zauna a ɗan teburinta gefen bagadi, ta kunna komai, hoton gicciye ya fito a allunan biyu yadda ta tsara. Aka yi addu'a, aka yi sanarwa. Sai Mama Afiniki ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane, mai kiɗan tulu ta buga tulu. Edna ta danna.

Wayyo! Jju ya fito a dama, gaban matasa. Hausa kuma a hagu, gaban tsofaffin da rabinsu ko da tabarau ba sa ganin rubutu. Edna ta duba ƙarƙashin tebur, ta ga wayoyin a naɗe tsaf, an ɗaure su da ƙyalle. Ta ɗago, idonta ya faɗa kan Larai, wadda sharar Asabar ta faɗo kanta a zumunta, tana yi mata murmushin wanda ya yi abin kirki. Ashe zare wayoyin ta yi don ta goge ƙasa, ta mayar da kowace a kafar 'yar'uwarta, tunda adaftar ta mai da bakinsu ɗaya.

Gumi ya karyo wa Edna. Gyaran ba wuya, amma sai ta rarrafa ƙarƙashin tebur a gaban ikilisiya duka, allunan su ɗauke. Ga kakarta ta riga ta ɗaga murya. Tsofaffi suka amsa, ko kallon allo ba su yi ba, me za su yi da shi? Waƙar a cikinsu take. Edna ta zame daga kujera za ta durƙusa.

Sai ta ji wata murya mai kauri daga dama. Kaleb ne, kafintan bakin kasuwa, wanda ba a taɓa jin bakinsa a coci ba sai wajen amin. Ya ƙura wa allon ido, yana bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya, yana tuntuɓe yana tashi. Faustina da ke koyarwa a firamare ta bi shi. Wasu uku suka shiga, sai benci guda. Sautin nan sun san shi tun suna goye a baya, kalmomin ne ba su taɓa kamawa ba, don a bakin tsofaffi a dunƙule suke fita. Yau ga su a rarrabe, baƙi a kan fari, sai harshe ya tuna abin da kunne ya daɗe yana ajiyewa. Kafin amshi na biyu, ɓangaren dama ya miƙe gaba ɗaya, wasu na dariyar kurensu, wasu na tafi, mai tulu ta ƙara wuta.

Edna ta koma kan kujera a hankali. Ta danna baiti na gaba, daɗi ya cika ta har ta rasa inda za ta sa kanta.

Rufus ya taso daga kujerun dattawa, ya sunkuyo kusa da kunnenta. "Wa ya ba ki wannan dabara?"

"Baba, kuskure ne. Bari a gama in gyara."

"Kul! Kada ki taɓa. Mako mai zuwa ma haka za ki bar su." Ya koma wurinsa yana rerawa, muryarsa duk ta fi ta kowa karkacewa.

Edna ta fito da baiti na ƙarshe ke nan ta waiga, sai ta ga kakarta ta zauna. Mama Afiniki ba ta taɓa zama ana tsakiyar waƙa ba, ko ranar da take fama da zazzaɓi. Edna ta miƙe. Ta bar tebur, ta ratsa ta gaban bagadi, ta durƙusa ta kama hannunta.

"Kaka, lafiya? Jiri ne? In kawo ruwa?"

Tsohuwar ba ta dube ta ba. Ta karkata kunne wajen dama, hawaye na bin kumatunta, waƙar kuwa na tafiya ba tare da ita ba.

"Yi shiru, ke," ta ce. "Shekara arba'in ina ba da waƙar nan, ban taɓa samun zama na ji ta ba."