Fuskar da Na Ba 'Yan Sanda

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina gudun Maman Kurciya, ita kuwa tana ɗaukata babbar aminiyarta. Duk wata sai ta zo gidana, ta zauna a kujerar da ke jikin ƙofa, ta buɗe jaka ta fito da takardar nan, ni kuma in tsiri neman abin yi a kicin. Zanen fuskar wata mata ne a takardar: doguwar fuska, wushirya, da tabo a ƙasan idon hagu. Wai ita ce ta sace mata 'ya. Ni na ba 'yan sanda wannan fuskar, kuma ni kaɗai na san babu mai ita a duniya.

A lokacin ni ce mai kula da ɗakin reno na masaƙa. Ɗaki ne dogo a bayan sashen zare, da tabarmi, da bokitin ruwa, da wata faffaɗar taga mai katako wadda ta nan ake miƙo yara, ta nan ake karɓarsu. Uwa ta kawo ɗanta da safe, in ɗaura masa lambar tagulla a ƙafa, in ba uwar 'yar'uwar lambar. Da yamma duk wadda ta kawo lamba ita ke tafiya da yaro. Matar da ta koya mini aikin, mai bakin tsiya, Allah Ya jiƙanta, ta sha gaya mini cewa fuska ba aikina ba ce. Tana da gaskiyarta. Mata kan fito auduga ta rufe musu gira, ga ƙyalle a hanci, ga masu aiko ƙannensu da maƙwabta. In na tsaya duban fuska, sai rana ta faɗi ina fama da yara hamsin masu ihu. Na ƙware har ina taƙama. Kaina a sunkuye, lamba ta faɗo kan katako, in ɗauko, in miƙa, cikin minti ashirin na sallami kowa.

Ranar wata Laraba jiniyar ƙarfe huɗu ta yi kuka, mata suka yi dafifi a taga kamar kullum. Lamba arba'in da bakwai ta faɗo. Ta Kurciya ce, 'yar shekara biyu da rabi, wadda muka laƙaba wa sunan saboda ɗan kukan da take yi a maƙogwaro in barci ya kama ta. Tana barcin ma na ɗauke ta na miƙa. Ba a yi minti goma ba sai ga uwar tana haki, tana roƙona in yi mata alfarma in ba ta 'yarta, wai lambarta ta ɓace daga aljihun rigar da ta rataye a ƙusa. Na waiwaya na dubi tabarma, gurbin Kurciya wayam.

Kafin yamma ta yi sosai an tara mu a ofishin manaja. Sufeton 'yan sanda yana zaune da mai zane a gefensa, manaja yana tsaye yana hararata, Maman Kurciya kuwa tana ƙasa ta riƙe ƙafata tana cewa, "Yaya, ke kin gan ta. Ke kaɗai kika gan ta." Shekarata ashirin da shida. Tsoro da kunya suka hana ni in ce na miƙa 'yar mutane ban ko ɗaga kai ba. Na buɗe baki na fara ƙira. Wushiryar ta gwaggona ce na ara. Tabon kuwa a fuskar Sufeton kansa na gan shi, sai dai nasa a dama yake. Mai zane yana tambaya ina amsawa, har ya gama, ya yaba mini da kaifin ido.

Ba a ga Kurciya ba. An manna zanen a tashoshi da ƙofar asibiti har ruwa ya wanke shi. Sufeto ya yi ritaya, masaƙa ta rufe, mijin Maman Kurciya ya rasu, amma ita ba ta daina ba. Ba ta iya shiga mota ba tare da ta ƙare wa kowace mace kallo ba, har an sha zaginta a kan haka. Sau shida tana jana mu je in duba wata mata, sau shida ina cewa ba ita ba ce, ita kuma ta yi mini godiya ta saya mini lemo. In faɗi gaskiya, akwai ranakun da nake jin haushinta, in ce a raina wannan mata ba ta gajiya ne? Sai kuma in tuna wa ya ɗora ta a kan hanyar, in rasa inda zan sa kaina.

Makon jiya ta zo da hantsi, ba ta ko zauna ba. Da ɗanta ta zo, direban tasi, wanda ta haifa bayan ɓatan Kurciya, ya tashi yana jin labarin yayar da bai taɓa gani ba. Ta ce ta ga matar da ke cikin zanen a layin karɓar magani, ta bi ta a baya har gida. Na sa mayafi na bi su, ina shirya amsata ta kullum.

Ya tsayar da motar a ƙarƙashin wata bishiya, daura da wani gida mai koren ƙyaure. Ba mu daɗe ba wata tsohuwa ta fito da kwandon wanki tana shanya a igiya. Da ta juyo, na ƙura mata ido. Doguwar fuska, tabo a ƙasan idon hagu. Wata maƙwabciya ta yi mata magana ta yi dariya, sai ga wushirya. Ban san abin da baiwar Allah ta yi ba da ƙaryata ta je ta sauka a kan fuskarta.

Na ce ba ita ba ce. Wannan karon Maman Kurciya ba ta karɓa ba. Ta shimfiɗa takardar a cinyata ta ce idona ne ya tsufa, takarda kuwa ba ta tsufa. Ɗan ya ce shi ba ya buƙatar 'yan sanda, sun yi shekara talatin suna barci, akwai abokansa biyu a bakin titi da ke jiran kiransa. Ya ɗora yatsu a kan mabuɗin ƙofar motar. Tsohuwar tana can tana matse wata 'yar rigar makaranta.

Na ce masa, "Ɗana, zauna." Sannan na juya wajen uwarsa. "Maman Kurciya, ban ga kowa ba ranar nan. Ban ɗaga kaina ba. Fuskar nan ni na ƙirƙire ta."

Na gaya mata komai, har gwaggona, har Sufeto. Ɗan ya daki sitiyari ya ce mini abubuwan da ban taɓa jin yaro ya faɗa wa sa'ar uwarsa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ni jira nake ta mare ni, ko ta tsine mini, da na ji sanyi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta daɗe tana kallon zanen, ta ninke shi a hankali ta ajiye a kan kujera tsakaninmu.

Can ta ce, "To me kika gani, Yaya? Ai dai wani abu ya ajiye lambar."

"Hannu," na ce.

"Wane irin hannu?"

Na rufe ido na nema da dukkan ƙarfina. Na ga katakon, na ga huɗu da bakwai a jikin tagulla. Bakina har ya fara motsi zai ba ta zobe, ko ƙuna, ko guntun yatsa, don na san za ta karɓa da godiya. Na danne shi na ce ban tuna ba, ko na mace ne ko na namiji ban sani ba.

Ta gyaɗa kai. Ta ce wa ɗanta ya mai da ni gida. A hanya muka tsaya a danja, wata mata mai tallan ruwa ta miƙo roba ta taga. Maman Kurciya ba ta dubi fuskarta ba. Ta kama hannun matar, ta juya shi ciki da baya, tana dubawa har motocin bayanmu suka fara hon.